Mai Amsa Wa Baƙo: Mandolin A Kiɗan Buluz Da Ƙananan Tsirkiyoyin Sabon Ibadan

Duk ma'aikacin da aiki ya taɓa kaiwa Ibadan daga Abuja ya san Sabo, ko da kuwa canjin dala ne ko tsiren dare ya kai shi. Unguwar tana manne da Mokola, tsakanin gadar saman da aka buɗe a 2013 da filin wasa na Adamasingba, kuma tun 1916 take nan, shekarar da aka keɓe wa Hausawan garin wannan fili. Abin da kunne ke fara ɗauka a can yau shi ne rurin janareta da hon ɗin 'yan acaɓa da lasifikar masu tura waƙa a waya. A cikin irin wannan hayaniya, tsirkiya ɗaya ko biyu da aka ɗaura a kan ƙoƙo ba ta da wurin numfashi. Gurmi da garaya da kuntigi, waɗanda su ne abokan tafiyar Bahaushen da ya bar gida, sun ja da baya a zangunan kudu kamar yadda suka ja da baya a Kano da Zariya.

Irin wannan ta taɓa faruwa ga wani ƙaramin kayan kiɗa a wata nahiya. Sunansa mandolin, kuma labarinsa a kiɗan baƙaƙen fatar Amurka da ake kira buluz yana da abin da zai nuna mana game da namu. A kula da harafin ƙarshe na sunan kiɗan, kada a rikita shi da Bulus, wanda sunan mutum ne.

Mandolin 'yar ƙasar Italiya ce, kuma siffarta da aka fi sani a birnin Naples ta kankama. Tana da tsirkiya takwas ta ƙarfe da aka jera bibbiyu, kowane biyu da murya ɗaya, an kuma ɗaure su a kan ma'aunin gogen Turawa. Ba ta kai rabin jita girma ba, mutum na iya saƙale ta a hammata ya hau mota. Muryarta siririya ce, tana fita da kaifi ta kuma mutu nan take. Saboda haka makaɗinta, in yana so sauti ya daɗe, sai ya riƙa kaɗa tsirkiyar sama da ƙasa cikin tsananin sauri har ta zama kamar karkarwa. A ƙarshen ƙarni na 19 ne ta bazu a Amurka tare da baƙin Italiya, kamfanin Gibson da aka kafa a 1902 ya shahara da ƙera ta, manyan kantuna masu aika kaya ta gidan waya kuma suka kai masu araha har ƙauyukan da ake noman auduga. A can ne ta faɗa hannun jikokin bayi.

Domin a gane aikin da ta yi a hannunsu, sai an duba yadda ake gina waƙar buluz. Mawaƙi kan rera ɗango ɗaya, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku wanda ke warware na farkon. Bayan kowane ɗango akwai gurbi da ya kusa kai ɗangon tsawo, inda muryar mutum ke yin shiru. Jita na riƙe da taki a ƙasa. Mandolin ce ke shiga wannan gurbi daga sama, ta maimaita abin da mawaƙin ya faɗa da harshenta, ko ta yi masa gardama, ko ta ja kukan ya daɗe. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san abin: amshi ke nan. Bambancin kawai shi ne wanda ke amsawa ba mutum ba ne.

Wanda aka fi dangantawa da wannan salo shi ne Yank Rachell, mutumin Brownsville a jihar Tenesi. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa yana yaro ɗan kimanin shekara takwas ya musanya ɗan aladen da aka ba shi kiwo da mandolin, abin da bai yi wa gidansu daɗi ba. A 1929 kamfanin Victor ya naɗi faifansu a Memphis shi da mawaƙi Sleepy John Estes da mai fiyano Jab Jones. Muryar Estes mai kuka ce, tana jan kalma kamar ba za ta sake ta ba, mandolin ɗin Rachell kuma tana biye da ita tana cike duk inda ta bari. Ya ci gaba da kiɗa har zuwa rasuwarsa a 1997. Akwai kuma Charlie McCoy na birnin Jackson a jihar Misisipi, da Howard Armstrong, wanda labarinsa zai yi wa mazaunin zango daɗin ji. Da yunwar shekarun 1930 ta kai shi Shikago, sai ya riƙa shiga mashayar baƙin Italiya yana rera musu waƙoƙin ƙasarsu da harshensu, su kuwa suna zuba masa kuɗi. Baƙo ne yake ci da kewar gida ta wani baƙon.

A nan ne Sabo ke shigowa. Masanin halayyar al'umma Abner Cohen ya zauna a unguwar a 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969. A lokacin mazauna unguwar sun ɗan haura 4,000, kuma rayuwarsu a kan abu biyu take tsaye: shanu su gangaro daga arewa, goro ya haura daga kurmi. Masu gida su ne ginshiƙin cinikin. Su ke saukar da fatake, su ajiye musu kuɗi, su haɗa su da dillalai, su tsaya musu a kan bashin da mahautan Yarbawa ke ɗauka. Ƙarƙashinsu kuwa akwai tarin mutanen da ba a cika rubuta sunansu ba: masu koro shanu, da masu ɗaure huhun goro, da 'yan dako, da yaran mota, da samarin da suka zo cin rani suka zarce. Yawancinsu gwagware ne, ɗakin kwanansu na maigida ne, iyalinsu na can ɗaruruwan mil a arewa.

Irin waɗannan mutane ba su ne ake yi wa kiɗan fada ba. Narambaɗa da Ɗanƙwairo sun yi waƙa ne da ayarin makaɗa da 'yan amshi, kuma ayari sai da uban gida mai ciyar da shi, mai ba da doki da riga. Shata ma, wanda ya waƙe direbobi da 'yan kasuwa, da makaɗan kalangu da 'yan amshinsa yake yawo. Mawaƙin da ke bin tasha da zango shi kaɗai ba shi da bakin da zai ciyar sai nasa. To wa zai karɓa masa idan ya kai ƙarshen ɗango? Abin da ke hannunsa ne zai karɓa.

Babu wanda ya nuna wannan kamar Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya kuma rasu a watan Yunin 2015. Kuntiginsa gwangwanin kifi ne da aka rufe da fatar akuya, da 'yar sanda, da tsirkiya ɗaya tak. Da wannan ya zagaya duniya. Duk wanda ya saurari waƙarsa ta Karen Mota da kunnen basira zai ji cewa mutum biyu ke magana: shi ya faɗa, kuntigi ya amsa, wani lokaci ma kuntigin ya riga shi. Kuma dubi wanda ya zaɓa ya waƙe, yaron da ke kwana a kan kaya, wanda ke sa wa taya waigi a kan tudu, irin yaron da manyan motocin goro da na shanu suka yi ta saukewa a Ibadan. A ganina wannan ita ce waƙar Hausa da ta fi kusa da ruhin buluz, ba don sautinta kaɗai ba, sai don wanda aka yi ta dominsa. Haka Haruna Uji na Haɗeja ya yi da gurmi. Masu kukuma irin su Ibrahim Na Habu da Hassan Wayam da Ali Makaho sun bi wata hanyar, domin tasu tsirkiyar gogawa ake yi, sautinta na daɗewa ba sai an karkaɗa ta ba.

Akwai wani bambanci na hannu da ya kamata a ambata. Wuyan mandolin yana da ƙananan ƙarafa da aka gitta, kowane yana tsayar da murya a wuri ƙayyadadde bisa ma'aunin Turawa. Buluz kuwa yana son muryoyin da ke tsakanin waɗannan ƙarafa, masu ɗan karkata, kamar murya mai shirin kuka. Mai jita na iya ture tsirkiya da yatsa ya lanƙwasa sautin, amma tsirkiyar mandolin gajera ce, a ɗaure take tamau, ga ta kuma biyu a haɗe. Dole su Rachell suka nemi dabara: su zame yatsa daga wannan ƙarfe zuwa wancan, su haɗa muryoyi biyu masu gogar juna, su karkaɗa. Mai gurmi bai san wannan wahala ba. Sandarsa sumul take, duk inda yatsa ya sauka nan ne murya. Abin da Ba'amurken ya yi ta fama ya ƙwato daga kayan Italiya, Bahaushe a hannu aka ba shi.

Daga nan ne wasu ke tsallakawa su ce ai buluz kiɗan Hausa ne da ya haye teku. Kama da wane ba ta wane. Mandolin ba jikar gurmi ba ce, danginta na komawa ne ga udin Larabawa ta hanyar Turai. Kayan kiɗan Amurka da asalinsa ke Afirka ta Yamma shi ne banjo, wanda bayi suka fara ƙerawa da ƙwarya da fata da sanda. Hausawan da cinikin bayi ya kwashe kuma an fi samun sawunsu a Bahia ta ƙasar Brazil, inda suka yi ta tawaye a farkon ƙarni na 19, fiye da gonakin audugar Misisipi. Abin da masana irin su Paul Oliver a 1970 da Gerhard Kubik a 1999 suka nuna ya fi wannan taka-tsantsan. Sun ce siffofin buluz na asali, wato mawaƙi shi kaɗai da kayan tsirkiya, da jan murya mai lanƙwasa, da ma'auni mai muryoyi biyar, sun fi kama da kiɗan yankin da ya miƙe daga Senegal ta Mali zuwa ƙasar Hausa da arewacin Kamaru, a kan kiɗan ganguna na bakin teku. Kubik har da mai goge Bahaushe ya kafa misali. Wannan zumunci ne na yanki da na salo, kuma ya ishe mu ba sai mun ƙara masa gishiri ba.

Zumuncin da ya fi wannan tabbata yana nan kusa, a ƙasar Yarbawa. Kiɗan sakara na Musulmin Yarbawa, wanda Abibu Oluwa ya fito da shi a faifan garmaho wajen 1930, Yusuf Olatunji kuma ya kai shi ƙololuwa kafin rasuwarsa a 1978, da tsirkiyar arewa aka gina shi. Abin da suke gogawa suna ce masa goje, wanda suke kaɗawa suna ce masa molo, sunayen ko sauyawa ba su yi ba. Hanyar da shanu da goro suka bi, ta Ilorin da zangunan da ke kan layin dogon da ya iso Ibadan a 1901, ita tsirkiyar ta bi. Bayarabe ya karɓe ta ya ɗora mata karin harshensa, kamar yadda baƙin Ba'amurke ya karɓi kayan Italiya ya sa shi kuka. Kiɗan juju ma da kayan tsirkiya ya fara: Tunde King, a faifansa na 1936, banjo yake kaɗawa.

To me ya kashe wa ƙananan nan kasuwa?

A Amurka abu biyu ne suka haɗu. Na farko ciniki. Tun shekarun 1920 kamfanonin faifai suka raba kasuwa gida biyu, na baƙaƙe daban, na fararen ƙauye daban. A ɓangaren baƙaƙe suka fi son mai jita ko mai fiyano, kiɗan goge da mandolin kuma aka riƙa tura shi ɓangaren farare. Da Bill Monroe ya zo ya mayar da mandolin tambarin kiɗan fararen karkara, sai aka manta cewa baƙaƙe sun taɓa riƙe ta, alhali shi kansa Monroe ya sha faɗin abin da ya koya wurin wani baƙin makaɗi mai suna Arnold Shultz. Na biyu lantarki. Da baƙaƙen kudu suka kwarara Shikago neman aikin masana'anta, kiɗan ya koma ɗakunan rawa masu hayaniya, aka sa wa jita waya, aka kawo ganguna. Jita mai lantarki na iya jan murya ta daɗe yadda ake so, wato ta ƙwace aikin da mandolin ke yi da karkarwa. Johnny Young, mutumin Vicksburg da ya yi kiɗa a kasuwar titin Maxwell, ya ƙi sakin tasa, ya sa mata waya ita ma, ya ci gaba har ya rasu a 1974. Amma kusan shi kaɗai ne.

A wurinmu lantarkin ya zo sau biyu. A Ibadan, I.K. Dairo ya kafa ƙungiyarsa a 1957, juju ya koma na jita mai waya da gangunan magana, banjon Tunde King ya ɓace. A arewa kuma fiyanon situdiyo ce ta yi aikin, tun daga shekarun 1990 da finafinan Kano suka bunƙasa. Mutum ɗaya da na'ura ɗaya na iya fitar da sautin kalangu da na sarewa da na abin da ya yi kama da gurmi, ba tare da ya taɓa fata ko tsirkiya ba. Mai biki a Sabo da zai zaɓa tsakanin mai lasifikar da za a ji har titin Mokola da tsoho mai ƙoƙo wanda sai an yi shiru a ji shi, ba a ga laifinsa in ya zaɓi na farko.

Akwai kuma dalili na uku da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansa, ko da yake ba a son faɗinsa. A kudancin Amurka coci ta ɗauki buluz kiɗan shaiɗan, har Son House, ɗaya daga cikin iyayen kiɗan, ya yi rayuwarsa yana kai da komo tsakanin wa'azi da jita. A ƙasar Hausa tun zamanin jihadi malamai ke kallon goge da garaya da molo a matsayin kayan bori da na gidajen mata masu zaman kansu. Cohen ya bayyana yadda Sabo ta rungumi ɗariƙar Tijjaniyya a farkon shekarun 1950, ta kuma ware masallacin Jumma'arta, a daidai lokacin da bori ke da ƙarfi a tsakanin matan unguwar. Unguwar da mutuncin maigida a cikinta ya rataya a kan sahun salla da zaman wazifa, domin da wannan mutunci ake ba shi amanar shanun mutane, ba wuri ba ne da mai garaya zai zauna a ƙofar gida da rana tsaka. Ba ina hukunta kowa ba ne. Ina nuna dalilin da ya sa ɗan mai garaya kan gwammace ya zama ɗan canji.

Yanzu ga abin da ya shafi mai karanta wannan shafi a ofishinsa. Kaso mai daraja na abin da duniya ta sani game da mandolin a buluz ɗin karkara aikin gwamnati ne ya tsirar da shi. A 1941 da 1942 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka, tare da Jami'ar Fisk ta baƙaƙen fata, ya aika ma'aikacinsa Alan Lomax da malamin kiɗa John Work zuwa yankin auduga na Misisipi da na'urar yanka faifai a bayan mota. A wani kanti da ke Lake Cormorant suka naɗi Son House da abokansa, cikinsu da Joe Martin mai mandolin, har ana jin jirgin ƙasa na wucewa a faifan. A gonar Stovall suka naɗi wani direban tarakta da daga baya duniya ta sani da Muddy Waters, kuma a naɗin 1942 akwai mai mandolin a gefensa, Louis Ford. Babu kamfanin ciniki da ya nemi Ford. Sunansa ya iso gare mu ne saboda wani ya rubuta shi a takardar aiki, aka kuma adana takardar.

Nijeriya ba ta rasa ofisoshin da wannan aiki ya rataya a wuyansu ba. Ta sa hannu a yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan al'adun da ba a taɓawa da hannu, wadda ta wajabta wa kowace ƙasa yin rajistar abin da take da shi. Ta wannan ƙofa bikin kamun kifi na Argungu ya shiga jerin duniya a 2016, hawan sallar Kano kuma a 2024. Dukansu bukukuwa ne masu taro da dawaki da manyan baƙi, irin waɗanda minista kan je ya yi jawabi. Mai kuntigi ba shi da ranar biki, ba kuma sarkin da zai rubuta wasiƙa a madadinsa. Wanda ke zaune a Sabo ma nasa ya fi wuya: a idon ma'aikatar al'adu ta jihar da yake zaune shi baƙo ne, jihar da kakansa ya fito kuma ba ta san da shi ba. Al'adar zango, in ba gwamnatin tarayya ta ɗauke ta ba, babu mai ɗauka.

Ga shi kuwa kayan aikin na nan a Ibadan ɗin kanta. Ofishin adana takardun tarihi na ƙasa, wanda Kenneth Dike ya assasa a 1954, yana cikin harabar Jami'ar Ibadan, tafiyar 'yan mintoci a mota daga Mokola, Cibiyar Nazarin Afirka ta jami'ar ma tana nan tun 1962. Majalisar Ƙasa ta Fasaha da Al'adu tana da hurumin shirya irin wannan, Rediyon Nijeriya kuma na da tasha a garin, ga tsofaffin kasusuwan Rediyon Kaduna da ya kamata a juya su zuwa na'ura kafin zafi da ƙura su gama da su. David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, wanda ya isa a fara da shi. Na'urar da Lomax ya ɗauka a mota, wayar da ke aljihun kowane mataimaki na musamman ta fi ta kama sauti.

Abin da za a naɗa ba waƙa kaɗai ba ce. A tambayi makaɗi sunansa da na wanda ya koya masa, da garin da suka fito, da shekarar da ya sauka Sabo. A ɗauki hoton hannunsa na hagu a kan sanda, domin a nan ilimin yake. A sa shi ya ɗaure tsirkiya a gaban na'ura ya faɗi sunan kowace, ya faɗi fatar da ake rufe ƙoƙon da ita da abin da ya maye gurbin tsagiya da jijiya, da wanda yake yi wa wasa yanzu da abin da ake ba shi. A nemi maƙerin kayan shi ma, wanda sau da yawa shi ne makaɗin da kansa. Daga Sabo sai Sasa, sai zangunan Shagamu da Agege, inda goro ya tara Hausawa kamar yadda ya tara su a Ibadan.